Iyakoki Huɗu

Laraba.

Da hantsi Kawu ya aiko a kira ni, zai sayi fili a bayan gari, yana so in zama shaida. Dillali ya zaro takarda, layi biyar kacal: sunan mai sayarwa, sunan Kawu, kuɗi, sai "fili ɗaya". Na ce, "Kawu, a gafarce ni, ina iyakokinsa?" Mai filin ya nuna wata darbejiya da haɓa, ya ce ai kowa ya sani. Darbejiya kuwa gobe ana iya sare ta.

Abin da ya sa na kafe shi ne karatunmu na zaure. Muna kan babin ciniki a Tuhfa, littafin fiƙihun alƙalanci, wadda Ibn Asim, alƙalin birnin Garnaɗa a Andalus (Sifen ta zamanin mulkin Musulmi), ya wallafa kafin rasuwarsa a 1426, kuma har yau alƙalanmu na duba ta. Malam ya faɗa mana cewa a Andalus rubuta takardar ciniki sana'a ce mai zaman kanta. Ibnul Aɗɗar, wani malamin birnin Kurɗuba na Andalus, wanda ya rasu a 1009, littafi guda ya yi na samfurin irin waɗannan takardu. In gida za a sayar, sai an rubuta da wa ya yi iyaka ta kowace kusurwa: alƙibla, arewa, gabas, yamma. Wannan ya daɗe yana burge ni, don su in sun ce alƙibla kudu suke nufi, mu kuwa gabas muke fuskanta. Sannan a ambaci haƙƙoƙin gidan da amfaninsa, na ciki da na waje, a ce mai saye ya gani ya yarda, mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa cif, kuma in wani ya fito daga baya da hujjar nasa ne, mai sayarwa ne zai mayar da kuɗi. Shaidu adilai su tabbatar sun san mutanen, kuma lafiyarsu ƙalau, cikin hankalinsu.

Tsarin ya kama ƙasa har Kiristocin Ɗulaiɗila, wato birnin Toledo na Sifen, suka ci gaba da rubuta cinikinsu da Larabci wajen shekara 200 bayan garin ya fita hannun Musulmi a 1085.

Kawu ya ɗan ɓata rai, yana ganin na kunyata shi, amma ya yarda a jira la'asar. Aka kira mai unguwa da maƙwabta, aka ja igiya. Ashe ta yamma akwai taku shida da hanya ce, ba na mai filin ba ne. Aka rage kuɗi, na sake rubuta takardar da hannuna, shafi guda cur, kowa ya sa hannu kafin magariba.