Littafin albashin da na baro a Wau

Ranar 9 ga Yuli, 2011, da Sudan ta Kudu ta samu 'yancin kai, ina aikin akanta a nan Jos. Da shekara ta zagayo na samu gurbi a shirin 'yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka tura ni Wau, hedikwatar jihar Bahar al-Gazal ta Yamma, in taya wani ofishi tsara biyan albashi. Inna ta ce, "Kai da ka ga rikicin 2001 da na 2008 a Unguwar Rogo, wani za ka je nema?" Na ce, "Addu'arki dai, Inna."

Na tarar baitulmali ya bushe. Tun Janairun 2012 gwamnatin ƙasar da ke Juba, babban birni, ta dakatar da haƙo mai saboda saɓani da gwamnatin Sudan da ke Khartoum kan kuɗin bi ta bututun mai, alhali kusan duk kuɗin shigar ƙasar daga man yake fitowa.

Wata uku na farko na yi su ne a kan kuskure. Ni kaɗai nake zuba sunaye a kwamfuta, ina jin daɗin saurina, abokin aikina kuwa, wani dattijo da ya yi ƙuruciyarsa a fagen yaƙi, yana gefe ya zuba mini ido. Sai man janareta ya ƙare, muka yi kwana tara ba wuta, aiki ya tsaya cak. Ya jawo wani ƙaton littafi mai layi-layi, muka koma gindin mangwaro da kofunan shayi. Ina karanto suna yana amsawa: wannan ya rasu bara, wancan mutum ɗaya ne da suna biyu, wannan malamar ta koma Aweil. Wallahi kunya ta rufe ni. Duk sunayen nan na shigar da su a matsayin masu karɓar albashi, don ban taɓa tambayarsa ba.

Daga ranar na miƙa masa biro, na koma mai dubawa. Aikin ya rage sauri ƙwarai, har rahotannina suka riƙa makara, amma magatakarda biyu sun iya haɗa lissafin wata ba tare da ni ba.

Na dawo Jos kafin faɗa ya ɓarke a Juba ranar 15 ga Disamba, 2013. Makonni ina kiran layinsa ba ya shiga. Ranar da ya ɗauka, muna gama gaisawa ya ce littafin ya cika, sun sayi na biyu a kasuwa.