Godiya bayan jinyar Baba

Alhamdu lillahi, Baba ya miƙe daga ciwon bayan da ya kwantar da shi. Yana ruku'u da sujada ba mai riƙe shi, Juma'ar da ta wuce ma da ƙafarsa ya taka zuwa masallaci. Waɗanda suka bi mu a makonnin nan sun san abin da aka sha, ba sai na maimaita ba. A madadin Inna da mu 'ya'yansa, ga godiyarmu.

Ma'aikatan sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya saka muku da alheri. Ku kuka gwada ƙarfin ƙafafunsa, kuka tambayi fitsari da bayan gida, kuka tabbatar tsokar baya ce ta ɗaure tun ranar da ya ciccibi injin ban-ruwa a fadama. Sai da muka ji haka muka yarda a yi maganar ƙaho, don ciwon bayan da ya zo da mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ko zazzaɓi, na likita ne, kuma a ranar.

Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne tsohon wanzamin unguwarmu, da ya yi wa yawancinmu askin suna. Ya iso da zabirarsa zaure cike da masu dubiya, kowa na cewa a tsaga a fitar da mataccen jini. Baba kansa, don azaba, haka yake so. Tsohon nan ya durƙusa ya ce, “Alhaji, wane magani kaka sha?” Aka miƙo masa leda: na hawan jini da asfirin. Ya mayar da askarsa ya ce, “Ba ni tsaga mai shan wanga, jininai ba ya tsayawa da wuri.” Ƙahon tsaga ya fi kawo masa kuɗi, ga dattawa na matsa masa, amma ya tsaya kan busasshen ƙaho da tausa.

Da yawa sun tambaya yadda aka yi. Baba ya kwanta rub da ciki, an sa ƙaramin matashi ƙarƙashin mara don ƙugu ya saki. Aka ɗora tawul mai ruwan ɗumi minti 5. Aka narkar da man kaɗanya kamar cokali 1 a tafin hannu, aka yi tausa minti 10 a tsokar da ke gefe biyu na ƙashin baya, ba a kan ƙashin ba. Daga nan ƙahon, wato kofin roba mai famfo: a ja sau 1 ko 2 kawai, a riƙa zamar da shi a hankali daga ƙugu zuwa ƙasan kafaɗa. Idan man ya yi kaɗan kofin zai ƙi tafiya ya kuje fata. Bayan haka aka kafa kofi 4 a inda tsoka ta yi gululu, aka bar su minti 5. Saurayi zai iya kai minti 10, amma fatar dattijo ba ta da kauri, in an daɗe ko an ja da ƙarfi sai ta yi bororo, shi ke nan an ƙara ciwo kan ciwo. Wajen cirewa ba a fizga. A buɗe kan kofin ko a danna fata a gefen bakinsa iska ta shiga.

Tabon da kuka gani kamar gindin kofin shayi, jini ne da ya fito daga ƙananan jijiyoyi ƙarƙashin fata. Duhunsa ƙarfin jan yake nunawa, ba yawan cuta ba. Yana ɓacewa cikin mako 1 zuwa 2, kuma ba a maimaita ƙaho a kansa sai ya washe. Ba a kafa kofi kan rauni, ko kumburarriyar jijiya, ko ƙafar da ta kumbura ba a san dalili ba, ko ciki da ƙugun mai juna biyu. Mai sikila da mai ciwon suga su fara jin ta bakin likita. Wanda kuma za a tsaga, ya ga sabuwar reza an buɗe a gabansa, saboda ciwon hanta da ƙanjamau. Ƙahon ya sassauta tsoka har Baba ya iya motsi. Tafiya kaɗan-kaɗan da atisayen da asibiti suka koya masa su suka ƙarasa aikin.

Wanzamin ya ƙi karɓar ko sisi, sai da Baba ya tuna masa cewa an yi wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ƙaho kuma ya biya mai ƙahon ladansa. Allah Ya albarkaci hannunka da zuri'arka, Ya sa ka gama lafiya.

Maƙwabcinmu mai keke da ya ɗauke mu tsakar dare yana lallaɓa kowane rami, samarin majalisa da suka yi ta ba albasar Baba ruwa ba wanda ya sa su, Goggo da ta riƙe kicin, Liman da jama'ar asuba, Allah Ya biya ku da gidan Aljanna, Ya jiƙan mahaifanku, Ya kare ku daga kwanciyar jinya. 'Yan uwan da ke nan cikin gari, tsakanin Mabera da Runjin Sambo ba wata tafiya ba ce, amma mun ga saƙonninku a waya, Allah Ya bar zumunci.

Masu zuwa dubiya, bayan La'asar ya fi. Don Allah kar a kawo man zafi a shafa masa, fatar wurin ba ta gama warkewa ba.