Kashe kuɗi daban, aiki daban: yadda muke tantance rahoton hukumomin gwamnati

A Katsina idan aka ce wane odita ne, abin da ke zo wa mutane a rai shi ne mai bin bauca da rasit, mai neman inda naira ta maƙale. Wannan rabin sana'ar ne. Ɗaya rabin, wanda ƙananan kamfanoni irin namu ke yi, bai yi suna ba, amma ya fi taɓa rayuwar talaka. Hukuma ta ce a farkon shekara za ta gina ajujuwa kaza, ta haƙa rijiyoyin burtsatse kaza, ta yi wa yara kaza riga-kafi. Shekara ta ƙare, ta fito da rahoto mai kyan bango ta ce ga abin da ta cimma. Namu shi ne mu ɗora rahoton a kan alƙawarin farko, sannan mu bi sawun kowane adadi har inda aka samo shi.

Ƙofar da ɗan kamfani mai ma'aikata biyar ko shida yake shigowa ta nan tana cikin sashe na 125 na kundin tsarin mulkin 1999. Odita-Janar na jiha ne ke duba ma'aikatu kai tsaye, ya miƙa rahotonsa ga Majalisar Dokoki cikin kwana 90 da karɓar bayanan kuɗi daga Akanta-Janar. Hukumomin da doka ta kafa su kuwa, ba ya duba su da kansa. Yana ba su jerin kamfanonin da suka cancanta su zaɓa daga ciki, ya yi musu jagora kan kuɗin aiki, sannan ya yi sharhi a kan abin da aka gano. Ƙofa ta biyu ita ce ayyukan masu ba da rance da tallafi, waɗanda ba sa sakin kuɗi sai wani na waje ya tabbatar da sakamako. Shirin SFTAS na Bankin Duniya na ƙarfafa wa jihohi tafiyar da kuɗin gwamnati a bayyane, wanda ya fara a 2018 da dala miliyan 750, shi ya sabar wa jihohi wallafa rahoton aiwatar da kasafi kowane wata uku. Tun daga lokacin takardu suka yawaita a intanet, buƙatar mai tantance su ma ta ƙaru. Kafin a saurare ka dai, sai kana da lasisin aiki daga ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Najeriya.

Ba ma fara aiki da rahoton. Da alƙawarin muke farawa. Mukan nemi kasafin da gwamna ya sa wa hannu, da tsarin shekara uku na ɓangaren, da tsarin aikin shekarar, da rahotanni huɗu na wata uku-uku, mu jera su a tebur ɗaya. A nan ake kama abu na farko, wato burin da ya yi tafiya. A ce a Janairu an rubuta ajujuwa 200, a Agusta aka yi wa kasafi kwaskwarima aka mayar da su 120, aka gina 110. Rahoto zai ce an cimma kashi 92 cikin ɗari. Lissafin daidai ne, amma a kan alƙawarin da aka yi wa jama'a kashi 55 ne. Gyara kasafi ba laifi ba ne. A 2020 lokacin korona jihohi duka sun yi, don kuɗin shiga ya faɗi. Laifin shi ne a ɓoye adadin farko. Mukan nace a nuna duka biyun, da ranar da aka sauya, da wanda ya amince.

Wani burin kuma ba ya ƙirguwa tun asali. "Inganta ilimin 'ya'ya mata" fata ne mai kyau, amma ba abin da za a auna da shi. Burin da za a iya tantancewa sai ya faɗi abin da ake ƙirgawa, da nawa, da zuwa yaushe, da inda aka taso. Idan babu waɗannan, ba ma ƙirƙiro wa hukuma ma'auni daga kanmu. Mukan rubuta cewa burin bai tantantu ba, wannan kansa sakamakon bincike ne.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi ba ni takaici, shi ne ɗaukar kashe kuɗi a matsayin aiki. Idan rahoton kasafi ya ce an aiwatar da kashi 85, nufinsa kuɗin da ya fita daga asusu. A cikinsa akwai kuɗin fara aiki da aka ba ɗan kwangila bai kai ko bulo ɗaya wurin ba, akwai bashin ayyukan shekarun baya da aka biya bana. Matakai uku ne, kowanne da hujjarsa: kuɗi ya fita, aiki ya tsaya a ƙasa, jama'a sun amfana. Ƙa'idar ISSAI 300 da masu binciken kuɗin gwamnati na duniya ke bi ta tsaya a kan tambayoyi makamantan waɗannan: an sayi kaya da tsimi, an samu aiki gwargwadon abin da aka zuba, an kuma kai ga manufar. Aji na iya tsayawa da kwanonsa da fentinsa, amma idan babu malami babu benci, manufar ba ta cika ba.

Bin sawun adadi ya fi fitowa fili a harkar riga-kafi. Allurar Penta, mai kare yaro daga cututtuka biyar, sau uku ake yi wa jariri, a mako 6 da 10 da 14, kuma da ta ukun ake auna ko tsarin na aiki. Adadin da ke rahoton jiha ya biyo hanya mai tsawo: rajistar yara a asibitin sha-ka-tafi, takardar ƙirga ta ranar allura, fom ɗin taƙaitawa na wata, jami'in bayanai na ƙaramar hukuma da ke shigar da shi manhajar tattara bayanan lafiya ta DHIS2, sannan jiha ta kwasa. Mu ta baya muke bi. Mukan zaɓi wata uku daban-daban, mu zauna a asibitin mu ƙirga sunaye a rajista ɗaya bayan ɗaya, mu gwada da fom, mu gwada da abin da ke kwamfuta. Daga nan sai littafin ajiyar allura. Kwalbar Penta mai ɗaukar allura 10 ce. Asibitin da ya karɓi kwalba 20 kuma ba shi da ragowar watan baya ba zai yi wa yara 260 ba. Idan Penta ta uku ta riƙa fin ta farko yawa wata bayan wata, ko adadi ɗaya ya yi ta maimaituwa kamar an kwafa, akwai magana. Sau da yawa ba ha'inci ba ne. Ma'aikaciya ɗaya ce take allura, take awon ciki, take cika fom da dare, ko rajista ta cika ba a kawo sabuwa ba aka koma rubutu a littafin makaranta.

Sai kuma adadin da ake rabawa da shi don fitar da kaso, wato yawan jariran da ya kamata a yi wa allurar. Ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce, ta ba Jihar Katsina mutum miliyan 5.8. Daga kanta ake hasashen yawan jama'a kowace shekara, a ɗauki kashi 4 cikin ɗari a matsayin jariran da ba su kai shekara ba. Wannan hasashe bai san ƙauyen da rashin tsaro ya kwashe zuwa cikin gari ba, bai san matan da ke tsallako iyaka daga Nijar su kawo yara asibitocin Mai'adua ko Baure ko Jibiya ba. Shi ya sa za ka ga mazaɓa ta ba da rahoton kashi 130, maƙwabciyarta kashi 40. Ba ma yanke hukunci da wannan kaɗai. Mukan gwada da binciken gida-gida irin NDHS da MICS, mu bayyana wa mai karatu raunin ma'aunin.

Rijiyar burtsatse kuwa sai an je an taɓa ta. Lokacin da ya dace Maris ne ko Afrilu, sa'ad da ruwan ƙasa ya ja baya. Rijiyar da aka gwada a Satumba kowace na ba da ruwa. Kayan aikin ba su da yawa: waya mai nuna lambobin wuri, jarka mai lita 20, agogo, tef na awo. A tuƙa-tuƙa, idan an bar ta ta huta, ruwa ya kamata ya fito bayan 'yan tuƙi kaɗan. Idan sai an yi ashirin ko talatin, bawul ɗin ƙasa na yoyo ko bututu ya tsage. Mai lafiya takan cika jarkar cikin kamar minti biyu. A mai sola mukan ƙirga faya-fayan solar, mu duba ƙarfin da aka rubuta a bayan kowanne, mu gwada da takardar ƙididdigar kayan kwangila, mu hau mu leƙa tanki, mu buɗe kowane famfo. Lambobin wurin su ke tona rijiya ɗaya da aka ƙirga sau biyu, sau ɗaya da sunan gari, sau ɗaya da sunan unguwa, ko tsohuwar da aka shafa wa fenti aka kafa mata sabon allo. Allo ba hujja ba ne. Mukan gaida mai unguwa mu tambaye shi, "Ranka ya daɗe, kafin azumin bara aka haƙa ta ko bayan salla?" Sannan mu tambayi 'yan ga-ruwa da yaran da ke layi. Su ne suka san ranar da ta tsaya.

A gini, tef da ido sun wadatar da yawa: bulo inci 9 aka biya aka sa inci 6, kaurin kwano bai kai wanda ke takarda ba, daɓe ya fara fashewa kafin a saki kuɗin da ake riƙewa na gyara. A dashen itatuwa, wanda yankin Daura ya san muhimmancinsa saboda hamada, adadi uku ne ake cakuɗawa: dashen da aka rena a gandu, wanda aka dasa, da wanda ya rayu. Na ukun kaɗai ke tare rairayi, kuma ba a saninsa sai bayan rani ɗaya ya wuce, awaki sun gama nasu.

Ba mai iya zagaya ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361 da ma'aikata shida, don haka samfur ake ɗauka. Sharaɗin shi ne mu muke zaɓa, daga cikakken jerin ayyukan, a raba tsakanin shiyyar Katsina da Daura da Funtuwa, manyan kwangiloli duka su shiga, ƙananan a yi musu ƙuri'a. Idan aka bar wa hukuma zaɓi, na bakin kwalta za a kai ka. Ba ma sanar da wurin da za mu sai da safiyar ranar, kuma da motarmu muke zuwa, don wanda ya ɗauke ka a motarsa shi ke da hanya. Inda tsaro ya hana zuwa, kamar wasu sassan da ke bakin dajin Rugu, ba ma cika gurbin da hoton da aka turo ta WhatsApp mu ce mun gani. Mukan rubuta ƙarara cewa ayyuka kaza ba a kai gare su ba, kuma hukuncinmu bai shafe su ba.

Kowane abin da aka gano yana shiga rahoto da ƙafa biyar: abin da ya kamata, abin da aka tarar, abin da ya jawo, abin da ya haifar, da gyaran da muke ba da shawara. Ƙafa ta uku ce ta fi wuya, kuma ita ta fi amfani. Gibi tsakanin buri da sakamako ba kullum sata ba ce. An saki kuɗi a Oktoba na aikin da aka tsara farawa a Maris. An ba da kwangilar hanya damina na sauka. An ɗora wa hukuma buri ba a ba ta ko rabin kuɗinsa ba. Odita da ya kira duk wannan almundahana ya zalunci ma'aikata, kuma ya rufe wa gwamnati ido daga inda ciwon yake. Kafin rahoto ya fita mukan zauna da shugabannin hukumar, mu karanta musu daftari, mu ba su wa'adin kawo hujja, yawanci mako biyu. Takarda ko shaida a ƙasa na iya sauya abin da muka rubuta. Roƙo da "a duba zumunci" ba sa sauyawa, kuma a gari irin namu da kowa ya san gidan kowa, wannan ne nauyin sana'ar na gaske.

Don haka akwai ayyukan da kamfani ke ƙi ko da yana buƙatar kuɗin. Hukumar da muka taya rubuta rahotonta, ba ma tantance shi. Ba ma yarda a ɗaura biyanmu a kan irin sakamakon da zai fito. Biya kan yi jinkiri, wani lokaci har shekara ta juyo, shi ya sa kuɗin mai da na kwanan ma'aikata a fili sai an tanade su kafin a fita. Kowane adadi da ke rahotonmu yana da lambar fayil a bayansa, da hoto mai kwanan wata, da sa hannun wanda ya ƙirga da na wanda ya sake dubawa, domin ranar da kwamitin asusun jama'a na Majalisa ya kira, fayil ɗin za a buɗe. Shekara mai zuwa kuma, shafin farko na aikin shi ne jerin shawarwarin bara, kowace da gurbi a gefenta: an yi, an fara, ko ba a taɓa ba.