Shekara ɗaya da rabi ina cinikin bas mai lantarki a Sakkwato

Ni ne ma'ajin wata 'yar ƙungiyarmu ta masu motocin haya a cikin garin Sakkwato. Mu goma sha ɗaya ne, kowa da bas ɗinsa ɗaya ko biyu, ƙananan nan masu cin mutum goma sha huɗu zuwa sha takwas. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, littafin da nake riƙewa ya daina daidaita. Litar fetur da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. Direba zai wuni yana kai-komo tsakanin Babbar Kasuwa da Arkilla, da yamma ya kawo balas bai cika ba, yana rantsuwa gidan mai ne ya cinye. Kuma ba ƙarya yake yi ba. In ka ƙara kuɗin mota, talaka ya taka sayyadarsa, ko su biyu su hau kabu-kabu ɗaya su raba kuɗin.

A watan Disambar 2023 muka ga an ƙaddamar da motocin haya masu aiki da lantarki a Maiduguri. Shugabanmu, dattijon da ya fara tuƙi tun ina goye, ya kira ni bayan La'asar ya ce, "Ma'aji, tai ka gano muna kuɗɗin abin ga." Na ce, "To, Baba." A zatona aikin mako biyu ne, in ji farashi in dawo.

Kuskurena na farko ke nan. Na fita neman farashin mota, alhali ba mota ɗaya ake sayarwa ba. Abu uku ne aka haɗa: gangar jikin motar, batirin da ke ƙarƙashinta, da wutar da za ta ci kullum, haɗe da wurin cajin. Gangar jiki mun saba da ita. Batir kuwa shi ne mafi tsada a cikin kayanta, kuma yana tsufa ko da jikin motar na nan garau, zafi kuma yana hanzarta tsufansa. Wanda ya san bazarar Sakkwato, Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 kusan kullum, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Farashin da aka faɗa mini ya kusa ninka na bas mai shan mai sau biyu, amma kuɗin tafiyar kowace kilomita ya yi ƙasa sosai, ga babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu yawan kayan inji masu lalacewa. Wato wahalarta duk a ranar saye take, sauƙinta kuma a warwatse cikin shekaru. Mu kuwa kuɗinmu a warwatse suke zuwa, ɗari biyu, ɗari uku, daga hannun fasinja.

Tunanin kowa a taronmu ɗaya ne: mu rubuta wa gwamnati ta sayo ta raba mana. Ni ma da farko haka na gani. Ai Shenzhen ta ƙasar Sin da ake misali da ita, wadda ta mayar da bas-bas ɗinta sama da 16,000 masu lantarki zuwa ƙarshen 2017, da tallafi mai kauri na gwamnatin tsakiya da ta birni ta yi. Sai wani tsohon makanike da ke zama wurinmu ya tambaye ni ko na taɓa leƙa garejin da ake jibge motocin da gwamnatoci suka saya a zamunna daban-daban. Na taɓa, a wata jiha da na je neman kayan gyara. Motoci ne reras, fenti bai gama dushewa ba, tayoyi sun sace, ciyawa ta fito a ƙarƙashi. Ba tsufa ya kwantar da su ba. An ware kuɗin saye a kasafin shekara ɗaya, ba a ware na gyara a shekarun da suka biyo ba, kuma babu mutum ɗaya da aljihunsa ke ƙuna in mota ta kwana a tsaye. Bas mai inji in ta kwanta, makaniken bakin hanya zai iya tashinta bayan shekara. Mai batir in aka yasar da ita a rana wata da watanni babu caji, abin da ya fi tsada a jikinta ne ke mutuwa.

Daga nan muka juya ga banki, mu saya da kanmu. Wannan ƙofar ba ta daɗe a buɗe ba. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, na bankunan kasuwanci kuma sama da haka, ga bashin gajeren zango, ga jingina. Ko ba don haka ba, rabin mutanenmu sun ce ba su taɓa kuɗin ruwa, kuma ina tare da su. Bankin da ba ya ruwa ya yi mana tayin murabaha: ya saya ya sayar mana da ribar da aka sani, mu biya da kaɗan-kaɗan. Halal ne, amma da zarar mota ta zama tamu, batir ma namu ne, da duk abin da zai same shi. Mutum goma sha ɗaya da babu wanda ya taɓa buɗe irin wannan batir a cikinmu, mu ɗauki kasadar abin da ba mu sani ba? Na ce a dakata.

Abin da ya buɗe mini ido labarin Santiyago ne, babban birnin Chile. Wani ƙanena malamin jami'a ya zauna da ni dare biyu yana warware mini shi. A can, a ƙarshen 2018, kamfanin wutar lantarki na Enel X ne ya sayi bas 100 ƙirar BYD, ya kafa wuraren caji, ya ba kamfanin sufuri na Metbus haya. Mai wuta ya san wuta kuma yana da jari, mai sufuri ya san hanya da direbobi, wanda ya ƙera motar kuma aka ɗora masa kula da lafiyar batir da kayan lantarkinta. Da na kai wa Baba wannan bayani sai ya yi dariya ya ce, "Wanga ai kiwo na. Mai shanu dabam, makiyayi dabam." Haka ne kuwa. Amma inda gizo ke saƙar ba nan ba ne. Me ya sa mai shanun ya yarda ya saki dukiyarsa? Saboda kuɗin hayar ba ya biyowa ta aljihun makiyayi. Kuɗin da fasinjoji suka biya da tallafin gwamnati suna taruwa a asusu ɗaya, daga can ake cire na mai motar kai tsaye kafin a ba kamfanin sufuri nasa. In ma kamfanin ya rasa kwangilarsa, motocin na nan a cikin tsarin, wanda ya gaje shi ya ci gaba da biya. Bogota ta Kwalambiya ma ta raba kwangilar samar da motoci da ta tuƙa su, ta tara bas masu lantarki 1,485, har ta kafa nata kamfanin na gwamnati, La Rolita, a 2022, yana aiki kafaɗa da kafaɗa da 'yan kasuwa.

Indiya ta bi wata hanyar: kamfani ya sayi motar, ya kawo direba, ya gyara, hukumar birni ta karɓi kuɗin fasinja ta biya shi gwargwadon kilomitar da ya yi. A 2022 suka haɗa buƙatar birane biyar a kwangila ɗaya, bas 5,450, farashi ya sauko. Ciwon da ya dame su shi ne hukumomin sufuri na jihohi masu jinkirin biya, sai da gwamnatin tarayyarsu ta amince da tsarin lamunin biya a 2024. Wannan ya tsaya mini a rai, domin kowane ɗan kwangila a ƙasar nan ya san ɗacin aikin da aka gama ana bin kuɗi daga ofis zuwa ofis. Kusa da mu, a Dakar, gwamnatin Sanagal ce ta gina hanyar bas ta musamman mai kilomita 18 da rancen Bankin Duniya da wani bankin Tarayyar Turai, kamfani kuma ya sayo motocin zai tafiyar da su shekara 15. Meridiam ta Faransa ke da kashi 70 na kamfanin, asusun zuba jari na gwamnatin Sanagal ke da 30. Sun fara ɗaukar fasinja a 2024. Wanda ya fi kama da girmanmu shi ne na Nairobi, inda kamfanin BasiGo ke ba ƙungiyoyin masu motocin haya bas, su biya wani abu a gaba, sauran kuma bisa kilomita, caji da gyara na ciki.

Da wannan fahimtar na koma wurin wani kamfani mai shigo da motocin. Bayan dogon ja-in-ja suka yarda su kawo ƙaramar bas ɗaya mu gwada mako shida. Sun so su kawo ta da hunturu. Na ce a'a, sai Afrilu. In za a gwada jaki, a gwada shi da kaya a kan tudu.

Gwajin ya koya mana abin da takarda ba ta faɗa ba. Nisan da aka rubuta cewa caji ɗaya zai kai, ba mu taɓa samunsa ba, musamman in mota ta cika kuma na'urar sanyaya ciki na aiki. Cajin dare da muka dogara da shi ya ba mu kunya sau da yawa, a wayi gari an ɗauke wuta tun tsakar dare, mota na da rabin ciki. Wata rana sai da muka tayar da janareto mai shan dizal don mu yi mata caji, direbobin tasha suna kallonmu, abin ya yi mini ciwo. Ga shi a Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin A, masu samun awa 20 a rana, ya tashi daga wajen naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, don haka ko wutar da ke zama ba arha ba ce. Sola ce amsar da kowa ke kawowa, rana kam Allah ya hore mana. Matsalar ita ce rana na bayarwa a lokacin da mota ke kan hanya. Ko ka sayi wani tarin batir na ajiya, kuɗi ya ƙara hawa, ko ka tsayar da motar da tsakar rana. Direbanmu ne ya warware wannan, ba injiniya ba. Ya ce daga Azahar zuwa La'asar a bazara garin nan kwance yake, lodi ba ya cika, dama asarar mai suke yi. A tsaya a lokacin, mota ta sha rana, shi ya yi salla ya ci abinci ya ɗan runtsa. Sai da hunturu ya zo muka gane wani aikin kuma: ƙura na rufe farantan sola, dole a sami mai wanke su akai-akai, kuma shi ma albashi ne.

Takardar yarjejeniyar farko da suka miƙo ban sa hannu ba. An rubuta kuɗin haya da dala. Mu naira muke karɓa. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta wuce 1,500 a 2024 ba zai ɗaura wa kansa wannan igiyar ba. Wata uku muka yi a kan wannan layi ɗaya. A ƙarshe aka mayar da shi naira, da sharaɗin a sake duba shi sau ɗaya a shekara bisa ƙa'idar da aka rubuta, ba bisa ganin dama ba. Muka tsara abin a matsayin ijara, bayan mun nuna wa malaminmu: mota da batir mallakarsu ne, babban gyara nasu ne, in ƙarfin batir ya faɗi ƙasa da ma'aunin da aka ambata su canza shi, ranar da mota ta kwana a tsaye saboda laifin kayansu ba mu biyan haya. Namu shi ne direba, fasinja, tsabta da kiyaye hanya.

Su ma suna da nasu tsoron, kuma na ga gaskiyarsu. Wa ya ce za mu biya? Kuɗinmu tsaba ne a aljihun kwandasta, babu mai iya ƙidaya shi daga Legas. Nan ne muka sha wuya a cikin gida. Tsarin balas ya ɗora wa direba asarar ranar da babu fasinja, ya kuma bar masa rarar ranar kasuwa, ba ya son a taɓa shi. Sai da muka mayar da direbobin motocin kan albashi da ɗan ihisani, muka fito da tikiti, muka buɗe asusu guda da kuɗin ke shiga kullum, banki ya cire na masu mota kafin mu taɓa. Wani direba ya bar mu saboda wannan, mutumin kirki ne kuwa, har yanzu muna gaisawa.

Bas biyu kawai muka ɗauka, ba goma da muka yi mafarki ba. A wasiƙar da muka rubuta wa hukumar da abin ya shafa, ba mu roƙi mota ko ɗaya ba. Fili muka roƙa kusa da tasha inda za a kafa rumfar sola, da taransfoma ta wurin, da hanya ɗaya da za a tabbatar mana na wasu shekaru, da kuma lamuni: in za a rage wa ɗalibai da ma'aikata kuɗin mota, a zuba cikon a asusun nan tun kafin wata ya kama. Waɗannan abubuwa ne da babu ɗan kasuwar da zai iya yi wa kansa, kuma a ganina sun fi bas ɗari da za a yanke wa kyalle a gaban 'yan jarida amfani.

Abin da ke hana ni barci yanzu shi ne makanike. In wani abu ya samu na'urar motar, sai mun jira mutum ya taso daga nesa, kwana uku, huɗu. Mun tura yara biyu daga garejin tsohon makaniken nan su koyo, kamfani ya ɗauki nauyin horon, mu muka ɗauki na abinci da makwanci. Jiya Baba ya tare ni a rumfar caji da Azahar, motocin biyu na jone, ya ce, "Ma'aji, yaran ga yaushe za su komo?" Na ce masa sai bayan Sallah, in Allah ya yarda.