Laraba a ɗakin gwaji: gajimaren ya yi layi-layi

Tun bayan asuba nake ɗakin gwaji, amma leza, na'urar hasken da muke aiki da ita, ta ƙi zama daidai sai wajen hantsi, bayan mun gama wahala da madubai ni da abokin aikina. Daga nan muka sanyaya atom ɗin sinadarin rubidiyam har suka dunƙule suka zama gajimare guda mai motsi tare, irin wanda masana kimiyya Cornell da Wieman suka fara samu a Boulder ta Amurka a 1995. Zafinsa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na digiri ɗaya ba a saman sifilin Kelvin, wato iyakar sanyin da ba a iya wucewa.

Aikin yau shi ne mu riƙa matse tarkon da ke riƙe da shi muna saki, a kan kari ɗaya, sannan mu ɗau hoto. Hoton kuwa shi ke kashe gajimaren, kowane ɗauka sai an sake haɗa sabo. Haƙuri dai.

Bayan la'asar layuka suka fito a jikin gajimaren, a jere, tazararsu ɗaya. Na san masanin kimiyya Engels da abokansa sun gan su a Pullman ta Amurka tun 2007, amma gani a allonka daban ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, idan muka matse sau biyu, layukan sau ɗaya suke kai su komo. Masanin kimiyya Faraday ya lura da haka a 1831, a kan ruwan da ya girgiza a faranti, ba leza ba kwamfuta. Yaro a kan lilo ma haka yake: sau biyu yake durƙusawa ya miƙe kafin lilon ya je ya dawo. A gajimarenmu, kuzarin da girgizar ta zuba biyu yake rabuwa, igiya ɗaya ta yi dama ɗaya ta yi hagu, inda suka haɗu sai layi ya tsaya. Da muka ƙara saurin matsewar, layukan suka ƙara matsowa kusa, yadda lissafi ya ce.

Abokin aikina ya fi son gwajin Cheng Chin na Chicago a 2017, inda suka kaɗa maganaɗisu atom ɗin sinadarin siziyam suka yi ta feshi ko'ina. Yana da kyau a hoto, ban musa ba. Ni dai layukan nan na fi so, don ana iya auna tazararsu a kama lissafi in ya yi ƙarya.

Gobe in Allah ya kai mu za mu ƙara ƙarfin matsewar, mu ga inda jerin zai wargaje. Ban ci komai ba tun shayin safe.