Ƙannena ƴan tseren keke, in gudu ya ragu kar ku ƙara tirenin

In kana ƙara tirenin amma gudunka sai ja baya yake, to dakata. Ni a lokacina da na ga yaran da nake bari a baya sun fara wuce ni a hawan tudu sai na ce ai ragwanta ce ta kama ni, na koma fita safe da yamma, har ranar da koci ya ce a huta sai in saci jiki in fita ni kaɗai cikin zafin Afrilu, kuma ba wani abincin kirki, shayi da burodi kawai. Ƙarshenta gasannin shekarar nan duk a bakin titi na tsaya ina kallo.

In tirenin ya yi yawa, tun da wuri jiki yake nuna maka. Barci ya ƙi zuwa alhali a gajiye kake liƙis, abinci ya fita ranka, mura ta tafi ta dawo, abu kaɗan ka hau faɗa da mutanen gida, keken da kake so kamar me ka ji ko ganinsa ba ka son yi. Wadda ta fi saurin tona asiri ita ce zuciya. Da asuba kafin ka sauko daga shimfiɗa sa yatsa a wuya ka ƙirga bugun minti 1, ka dinga rubutawa kullum, in ka ga kwana da kwanaki ya haura yadda ka saba to jiki bai warware ba. Wani lokacin kuma a kan keke za ka gane, kana taka feda iya ƙarfinka amma bugun ya ƙi tashi, ƙafa ta yi nauyi. Wallahi ni da na ga haka murna na yi, wai na ƙara ƙwari.

Fara zuwa asibiti a duba maleriya da ƙarancin jini, don su ma haka suke kamawa. In ba su ba ne sai ka jingine keken. Wanda ya farga da wuri sati 1 ko 2 na iya isarsa, wanda ya yi taurin kai irina watanni zai yi. Da ka dawo, gudun da za ka iya hira da na kusa da kai kawai, ba ruwanka da abin da abokai ke ɗorawa a Strava, manhajar nuna gudu da nisan da aka yi.

Ko ƴan Tour de France, babbar gasar keke ta Faransa, masu tausa da masu girki na biye da su, a matakai 21 na gasar ana ba su hutun kwana 2, balle kai da za ka sauka ka wuce shago. Tsarin da kociyoyi da yawa ke bi shi ne sati 3 na aiki, na 4 a sassauta. Ka ci shinkafa, tuwo, wake da ƙwai ka ƙoshi, doguwar fita kuma ka zuba dabino a aljihun riga. Da azumi a rage nisa sosai, tirenin mai zafi a bar shi sai bayan shan ruwa.