Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tsakanin Ofishin Malam da Get ɗin Sharaɗa

Makon jiya na tsaya a inda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya rutsa da ni ina tsakiyar digiri na biyu a fannin nazarin zamantakewa, har Kawu ya gaji da ganina a dakalin ƙofar gida, ya kai ni wata masana'antar robobi a Sharaɗa, unguwar masana'antu a Kano, in riƙa taya su rubuce-rubuce kafin a buɗe makaranta. Ranar 14 ga Fabrairu aka fara yajin. Da ni da Kawu duk mun ɗauka abin wata guda ne. Sai 14 ga Oktoba aka janye, wata takwas cif.

Ofishin kula da ma'aikata ɗaki ne guda a bayan sito, da fanka mai kuka da kabad uku cike da fayil. Shugabar wajen kowa Hajiya yake ce mata, har Manaja. Aikin da ta fara ba ni shi ne littafin shiga da fita. Bakwai saura kwata na safe ina bakin get, 'yan aikin dare na fitowa idanu jajur, rigunansu na warin narkakkiyar roba, 'yan safe na shiga da ƙosai a leda. A gindin katanga kuwa leburori ne tsugune, kowa na jiran a nuna shi da yatsa ya samu na yini. Daga baya ta koya mini lissafin albashi: kuɗin ƙarin awanni, haraji, da fansho, wanda a dokar 2014 ake cire wa ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari, kamfani ya ɗora kashi 10.

'Yan uwa da suka ji ina "ofishin ɗaukar ma'aikata" sai takardu suka fara zuwa gidanmu. Har wata gwaggona ta aiko da na mijin 'yarta a cikin kwanon dambu. Ba wanda ya yarda da na ce ni ma ɗan wucin gadi ne.

Sallamar ma'aikata na fara gani kafin ɗauka. A shekarar farashin man dizal ya fi ninkawa, masana'antar kuma janareta ce ke riƙe da ita. Sai aka yanke za a kashe injina biyu. Hajiya ta ajiye mini jerin sunaye ta ce in buga takardu. A ciki akwai wani dattijo mai kula da injin buta, wanda kullum da safe sai ya ɓare goro ya miƙo mini rabi yana cewa, "Ɗana, karɓi ka wartsake." Da na ba shi ambulan ɗinsa ya juya ta, ya sake juyawa, sannan ya miƙo mini.

"Yallaɓai, karanta mini. Ban yi boko ba."

Ranar ce ya fara ce mini yallaɓai. Na karanta, ina mayar masa da Hausa, har inda aka rubuta kamfani na gode masa. Bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi, wai takalmin aikin da ke ƙafarsa zai mayar ne ko zai iya tafiya da shi. Na koma ofis na zauna na kasa taɓa kwamfuta. Hajiya ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tashi ka duba fayil ɗinsa, ka tabbatar ko kwabo bai yi ciwon kai ba a haƙƙinsa." Na duba. Na gano hutun shekara biyu da bai je ba kuma ba a biya shi ba. Ta sa hannu aka ƙara masa.

To a mako na uku bayan janye yajin ne abubuwa biyu suka faɗo mini tare.

Ranar Talata Hajiya ta ce ta yi magana da Manaja, za a ɗauke ni dindindin a matsayin jami'in kula da ma'aikata. Kamfani zai biya mini kuɗin jarrabawar CIPM, cibiyar nan ta Legas da ke ba ƙwararrun wannan aiki shaida. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo amsa.

Ranar Alhamis kuma Malam, mai duba kundin bincikena, ya aiko in zo. Ofishinsa na nan yadda na bar shi: kundayen ɗalibai jibge har taga, buta da darduma a lungu, sai dai ƙura ta wata takwas. Sabon abu ɗaya ne, kiret-kiret na ƙwai a ƙarƙashin tebur. Uwargidansa ce ta fara kiwon kaji, shi kuma yake kawo wa abokan aiki. Motarsa ma ban gan ta a gindin darbejiyar da ya saba ajiyewa ba, ban kuma tambaya ba. Kowa ya san ba a biya malamai albashin watannin yajin ba, na Oktoba ma rabi ya shigo.

Ya ce sashe na neman mataimakin malami, kuma sunana ya bayar.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, yaushe takardar za ta fito?"

Ya yi murmushi. "Sai an amince daga Abuja. Ƙila bana, ƙila baɗi. Amma in ka shigo, hanya a buɗe take. Ka gama wannan, hukumar tallafa wa manyan makarantu ta TETFund ta ɗauki nauyin digirin digirgir ɗinka, ka yi ta rubuta maƙaloli. Farfesa sai ya kai shekara 70 yake ritaya. A kamfani fa? Ranar da dizal ya sake tashi, kai ma wani zai buga maka takarda."

Gaskiya ya faɗa, kuma na san daɗin abin da yake kira na gare shi. Kafin yajin ya taɓa tura ni in riƙe masa 'yan aji ɗaya na awa biyu. Wata ɗaliba a layin baya ta yi mini gardama kan auren zumunci, aji ya kaure, muka wuce lokaci ba wanda ya tashi. Na fito alli har a gira, ina jin kamar an ba ni sarauta. Marigayi Baba ma hedimasta ne, shekara talatin yana koyarwa. Har yau a kasuwa wasu masu furfura kan riƙe hannuna su ce ɗan Malam ne wannan.

A gida magana ta rabu. Kawu bai ɓoye ba: "Takardar da ba ta fito ba cinikin biri a sama ce. Ga ƙannenka mata biyu an sa musu rana, wa zai yi kayan ɗaki? Maƙala?" Albashin kamfanin ya kusa ninka abin da zan fara da shi a jami'a, in ma an fara. Umma kuwa, da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, sai ta kalli bango ta ce, "Shi dai mahaifinsu ya so a ce yau ga Dakta a gidan nan. Amma a yi istihara."

Na yi, dare uku. Ban yi mafarkin komai ba. Abin da ya riƙa dawo mini a rai shi ne hutun dattijon nan na shekara biyu, da tunanin da ba a buɗe fayil ɗin ba shi ke nan ya tafi. Ba zan yi muku ƙaryar cewa wannan kaɗai ya ja ni ba. Gado da katifa da kujeru na amare biyu sun fi shi nauyi a sikeli, nesa ba kusa ba.

Ranar Litinin na cike fom ɗin Hajiya. Sa hannun bai ɗauke ni minti ɗaya ba. Zuwa gaya wa Malam ne ya ɗauke ni kwana shida. Na same shi a gida bayan la'asar, yana kan tabarma yana makin jarrabawa, kaji na kuka a bayan katanga. Na durƙusa na yi ta zagaye-zagaye, daga lafiyar iyali har tsadar masara, kafin na faɗa. Ya daɗe bai ɗago ba. Can ya janyo jakarsa, ya zaro babi na biyu na kundina, jan biro ya cinye shi har gefen takarda, ya ajiye a gabana.

"Kai ne na huɗu a bana," in ji shi. "Allah ya sa albarka. Babi na uku dai ina jiransa kafin ƙarshen Disamba, ko a bakin get ɗin za ka rubuta."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da aka ce in zauna a teburin ɗaukar ma'aikata, na buɗe fayil na farko na ga hoton mijin 'yar gwaggona.